Amsar tambaya: yadda ake sauraron faifan kilarinet da fiyano har kunne ya kama zaren

Wani ɗan'uwa ya samu faifai mai ɗauke da sonata biyu (sonata dogon kiɗa ne mai kashi-kashi, ba rera waƙa) na Johannes Brahms da gajerun kiɗa uku na Robert Schumann, Jamusawa masu tsara kiɗa na ƙarni na 19, duka na kilarinet (wani kayan busa) da fiyano kaɗai. Ya ce sautin ya yi masa daɗi, amma kafin minti biyar zaren ya kuɓuce masa: babu ganga, babu baiti, wani wuri sai a yi shiru kamar an kashe, wani wuri kuma ƙarar ta buge shi. Yana so ya san yadda ake sauraro, da yadda ake bambanta naɗi mai kyau da maras kyau.

Malam, abin da ke sa yawancin mutane su ɓace a wannan kiɗa shi ne suna ɗaukar kilarinet a matsayin mawaƙi, fiyano kuma ɗan amshi. Da zarar ka riƙe haka, duk lokacin da kilarinet ya yi shiru sai hankalinka ya tafi, alhali a daidai lokacin ne fiyano ke faɗin rabin zancen. Wannan kiɗa hira ce ta mutum biyu masu daraja ɗaya. Brahms da kansa ya zauna a kan fiyano lokacin da aka fara gabatar da sonatocin nan ga jama'a a Viyana, babban birnin Ostiriya, a watan Janairu na 1895, kuma bai rubuta wa hannunsa aikin ɗan rakiya ba. Abin da za ka bi da kunne shi ne yadda karin ke fita daga bakin ɗaya ya shiga hannun ɗayan.

Kafin a kai nan, gyara kayan sauraro, domin rabin ƙorafinka daga nan ya fito. Sifikar waya kusan ba ta fitar da sautin da ke ƙasa da kaɗawa 200 zuwa 300 a daƙiƙa. Sautin ƙasa na kilarinet ɗin da Brahms ya rubuta wa yana kaɗawa kamar sau 147 a daƙiƙa, hannun hagu na mai fiyano kuwa yana sauka ƙasa da haka nesa, har maɓallin ƙarshe mai 27.5. Ke nan a sifikar waya an yanke maka gindin kiɗan gaba ɗaya, saura sama-sama. Sa iyafis mai waya ko wanda ke rufe kunne. Idan fayil kake saukewa, nemi MP3 mai kilobit 320 a daƙiƙa, wanda ke cin kamar megabait 2.4 a minti, wato faifan minti 55 zai ci wajen 130. Mai 128 ya fi sauƙin data, amma yakan goge wutsiyar sautin fiyano, inda igiya ke mutuwa a hankali. Kashe tsarin da ke cakuɗa waƙoƙi ya jefo su barkatai, domin kashi huɗu na sonata ɗaya a jere suke da ma'ana. Kashe kuma duk wani abin ƙara wa sauti kauri.

Maganar ƙara kuwa da gangan ne. Waƙoƙin rediyo ana matse su a situdiyo har mai laushi da mai ƙarfi su zo kusan daidai. A nan ba a matse ba, tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa tana cikin abin da ake faɗa. Dabarar ita ce ka nemi wuri mafi ƙarfi a faifan, misali ƙarshen kiɗa na uku na Schumann, ka daidaita ƙarar ta yadda ba za ta cutar da kai ba, sannan ka cire hannunka daga maɓallin har ƙarshe. Idan a haka wurare masu laushi sun ɓace, laifin ɗakin ne. Fanka ko janareta na cinye su tas. Jira dare ko bayan asuba.

Yanzu ga kilarinet ɗin kansa. Wanda ya taɓa ganin 'yan badujala ya san shi, baƙin bututu mai maɓallan azurfa da ake riƙewa a tsaye. An ƙera shi a Nuremberg ta ƙasar Jamus wajen 1700, ana danganta aikin ga Johann Christoph Denner. Na yau galibi daga wani baƙin itace na Afirka ake yin sa, wanda ake yawan sarowa a Tanzaniya da Mozambik. Abin da ke haifar da sautin ɗan siririn harshe ne guda ɗaya na kara, ɗaure a bakin, yana kaɗawa idan an hura. Kwatanta shi da algaita zai taimaka maka: ita harshenta biyu ne, bututunta yana faɗaɗa zuwa ƙasa, shi ya sa muryarta ke da kaifi tana ratsa fili. Bututun kilarinet kusan faɗi ɗaya ne daga sama har kusa da ƙasa, shi ya sa muryarsa ke da rami a ciki, kamar ana magana daga cikin tulu. Mai algaita yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci don kada sautin ya yanke. A kiɗan Brahms da Schumann yankewar numfashi ita ce waƙafi da aya. Inda mai busa ya ja numfashi, nan jimla ta ƙare. Idan ka fara jin wuraren numfashi, ka fara jin jimloli.

Kayan busa ɗaya ne amma muryoyinsa kamar huɗu. Ta ƙasa mai duhu ce da kauri. Sama da ita akwai 'yan sautuka uku ko huɗu masu rauni, kamar murya mai mura, domin iska na fita tun daga saman bututun. Daga nan sai a danna wani maɓalli da babban yatsa a haye zuwa murya mai haske, wadda ita ce ake rera yawancin kari da ita. Can ƙololuwa kuma akwai siririya mai kaifi. Tsallaken da ke tsakanin masu raunin nan da mai haske shi ne wurin da ake gane gwani, saboda a nan yatsu kusan duka ke sauka lokaci guda. A bakin ƙwararre ba za ka ji gaɓa ba. A bakin wanda bai ƙware ba za ka ji ɗan tuntuɓe, ko sauti ɗaya ya fito ya fi maƙwabtansa ƙarfi. Idan ka samu sonatar kilarinet ta Bafaranshe Camille Saint-Saëns ta 1921, kashi na uku darasi ne a kan wannan: ana busa karin da ƙarfi a can ƙasa, fiyano ya yi 'yar tafiya shi kaɗai, sannan a sake busa karin nan dai a sama da laushi ƙwarai. Kari ɗaya, amma sai ka rantse kayan busa biyu ne.

Akwai abin da kilarinet ke iya yi wanda fiyano ba zai taɓa iyawa ba, kuma dukkan hirar a kansa aka gina ta. Mai busa yana iya fara sauti daga shiru, ya kumbura shi, ya mayar da shi shiru. Fiyano guduma ce ke dukan igiya, sautin yana fara mutuwa tun daga lokacin da aka haife shi. Don haka idan kilarinet ya rera jimla sannan fiyano ya maimaita ta, saurari yadda mai fiyano ke ƙoƙarin sa gudumomi su yi numfashi, yana auna nauyin kowane sauti da abin da ya rage na wanda ya gabace shi. A ganina nan ne ake gane babban mai fiyano, fiye da wuraren gudu.

Fara da Schumann, don shi ne mafi gajarta, kamar minti 11 duka. Sunansu Fantasiestücke, mai lamba 73 a jerin ayyukansa, ya rubuta su a Dresden ta Jamus cikin 'yan kwanaki a watan Fabrairu na 1849. An rubuta su ne don kilarinet mai ɗan tsawo da ake kira na A, wanda muryarsa ta fi taushi kaɗan, ko da yake an halatta goge na Turai ƙarami ko babba ya maye gurbinsa. Kan kowane kiɗa akwai umarni da Jamusanci: na farko a yi shi da taushi da nuna abin da ke zuciya, na biyu da kuzari da sauƙi, na uku da sauri da wuta. A na farko, fiyano na tafiya uku-uku kamar ruwa mai gudana, kilarinet kuma sau da yawa yana tafiya biyu-biyu a kansa. Kunnen da ya saba da kiɗan kalangu ba baƙo ba ne ga uku a kan biyu, sai dai a nan babu mai bugawa ya nuna maka, a cikin karin yake. Saurari kuma wani siririn kari da ke leƙowa daga cikin ruwan fiyanon, yana amsa wa kilarinet kafin ya gama magana. Kiɗan yana farawa da launi mai duhu ya ƙare da haske, kuma daga wannan hasken na biyu ke tashi. Schumann ya so a shiga daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da tsayawa ba. Idan manhajarka na saka shirun daƙiƙa biyu ko talla tsakanin waƙoƙi, ta ɓata wannan. A ƙarshen na uku ya rubuta a ƙara sauri har sau biyu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a fara kiɗan da gudun da ya wuce kima, sai a zo wurin ƙarin a tarar babu sauran abin ƙarawa, sautuka su haɗe su zama kunu.

Sai Brahms, wanda shi ne zuciyar faifan. A 1890 ya nuna ya gama rubuta kiɗa, yana da shekara 57. A 1891 ya je garin Meiningen na Jamus ya ji Richard Mühlfeld, mai busa kilarinet a ƙungiyar makaɗan fadar garin, mutumin da ya fara aiki a matsayin mai goge kafin ya koma busa. Jin sa ya sa Brahms ya sake ɗaukar alƙalami: a shekarar ya rubuta kiɗan mutum uku da na mutum biyar masu kilarinet, sannan a bazarar 1894 a garin Bad Ischl na Ostiriya ya rubuta sonata biyun nan masu lamba 120. Su ne ƙarshen abin da ya rubuta na ƙaramar ƙungiya, ya rasu a 1897. Sanin wannan na da amfani ga kunne, domin kiɗan dattijo ne wanda ya daina ɓarnar kalma. Daga 'yan sautuka kaɗan yake fitar da kashi guda, yana juya su, yana kifar da su, yana ja musu tsawo.

Sonata ta farko kashi huɗu ce, kamar minti 23. Fiyano ne ke buɗewa shi kaɗai, hannu biyu suna faɗin layi guda a sama da ƙasa, ba ado, na 'yan daƙiƙu. Kada ka ɗauke shi share fage. Mayar da faifan baya ka ji wannan layin sau uku har ka iya yin sa da hanci, domin shi ne irin da aka shuka. Sannan kilarinet ya shigo da kari mai manyan tsalle, daga ƙasa zuwa sama, yana haye tsallaken nan da muka ambata. Tsarin kashin farko irin wanda aka saba ne a sonata: a gabatar da karuruwa, a shiga tsakiya inda ake yayyanka su ana gwama su cikin launuka daban-daban, sannan a dawo gida. Aikinka na farko kawai ka gane lokacin da karin kilarinet na farko ya dawo. Idan ka kama shi, ka kama ginin. A ƙarshen kashin guguwar na lafawa, tafiyar ta yi sanyi, su biyun su ƙare da raɗa. Wannan minti ɗaya na ƙarshe yana cikin wuraren da ya fi dacewa ka gwada faifai da su.

Kashi na biyu a hankali yake, kilarinet na saukowa da kari kamar mai saukowa daga tudu da yamma, fiyano na ajiye masa sautuka kaɗan kamar duwatsun taka ƙafa. Na uku rawar ƙauyen Ostiriya ce mai bugu uku, kuma shi ne mafi sauƙin wurin ganin musayar: kilarinet ya rera karin, fiyano ya karɓa, kilarinet ya koma ƙasa yana tallafa masa. Na huɗu yana buɗewa da sauti ɗaya da fiyano ke bugawa sau uku kamar ƙararrawa. Ƙirga sau nawa wannan bugu uku ke dawowa da kuma wa ke yin sa kowane karo, wasa ne mai kyau ga sabon kunne.

Sonata ta biyu kashi uku ce, kamar minti 21, kuma halinta daban. Babu share fage, kilarinet ne ke fara rerawa tun daga bugun farko, an rubuta a kai Allegro amabile, wato da ɗan hanzari amma cikin ƙauna. Masu kiɗa da yawa suna jan wannan kashi har ya yi barci, saboda daɗin karin na rinjayar su. Idan ka ji jimla ta yi tsawon da mai busa ya yanke ta a tsakiya don numfashi, tafiyar ta yi nawa. Kashi na tsakiya shi ne mai zafin, amma a cikinsa akwai wurin da komai ke tsayawa, fiyano shi kaɗai ya ɗauko wani faffaɗan kari mai nauyi da cikakkun hannaye, sannan kilarinet ya shigo ya bi shi. A nan za ka san ko an naɗi fiyanon da kyau: ya kamata ka ji nauyin ƙasan ba tare da ya zama gurnani ba. Kashi na ƙarshe kari ne guda da ake sake masa riga sau biyar. Kada ka nemi karin a fili kowane karo, wani lokaci ƙashinsa kawai ya rage. Bi tsawon jimlolin da inda suke sauka, su ba sa canzawa sosai.

Ka ce babu ganga. Bugun yana nan, amma yana miƙewa yana takurewa kamar numfashi, abin da ake kira rubato. Mai kiɗa na ɗan jinkirta a kan sauti mai muhimmanci, sannan ya rama lokacin a gaba. Yadda za ka gwada: kaɗa yatsa a hankali tare da kiɗan. Idan yatsanka na ɗan jira sannan ya sake samun wurinsa ba wahala, rubaton na da kyau. Idan kowace jimla sai an ja wutsiyarta har ka rasa inda bugu na ɗaya yake, an wuce gona da iri. Brahms ma yana son ɓoye bugun da gangan, ya sa shida su rabu uku-uku a hannu ɗaya, biyu-biyu a ɗayan. In ka rikice a irin wurin, ba laifinka ba ne, dakata kaɗan za su haɗu.

Game da gane naɗi mai kyau, abu na farko daidaiton su biyun. Sautin kilarinet ba daga ƙasan bututun kaɗai yake fita ba, yana fita ta ramukan jikinsa, kowane sauti da inda ya fi fitowa. Idan aka kafa makirufo dab da bakin ƙasa, wasu sautuka za su yi tsalle su fi sauran, ka kuma riƙa jin ƙwas-ƙwas na maɓallai da hucin iska. Kaɗan daga wannan ba aibi ba ne, alamar mutum ne. Idan ya yi yawa, ko kuma fiyano ya koma kamar yana ɗaki na gaba, injiniyan ya mayar da hirar waƙar mutum ɗaya. Akasin haka ma na faruwa, musamman a Brahms: fiyanon zamani ya fi na lokacinsa ƙarfi, idan mai kaɗawa ya yawaita taka fedar da ke riƙe sauti, muryar ƙasa ta kilarinet sai ta nutse. Rufe ido ka ga ko za ka iya nuna inda kowannensu yake zaune, da kuma ko kana jin ɗakin, wato ɗan amon da ke biyo bayan sauti na ƙarshe kafin shiru.

Na biyu daidaiton sauti. Fiyano an ɗaure shi kafin a fara, ba ya motsi. Kilarinet kuwa yana hawa idan ya ɗumama, yana son hawa idan an busa da laushi, yana son sauka idan an busa da ƙarfi. Duk gyaran yana wuyan mai busa, da leɓe da iska da yatsu. Saurari wuraren da su biyun ke riƙe sauti ɗaya mai tsawo, musamman a ƙarshen kashi. In sun daidaita, sautin zai tsaya cak. In ba su daidaita ba, za ka ji wani wau-wau yana kaɗawa tsakaninsu.

Akwai kuma bambancin da ba na kyau ko muni ba ne, na makaranta ne. A Jamus da Ostiriya ana busa kilarinet mai tsarin maɓallai da ake kira Oehler, sautinsa a dunƙule, mai duhu, a miƙe. Karl Leister da Sabine Meyer daga nan suke. Sauran duniya galibi tsarin Boehm ake bi, wanda aka tsara a Faransa wajen 1840, ya fi haske da sauƙin lanƙwasa. Wasu kuma na sa karkarwa a sauti mai tsawo irin ta mawaƙi, kamar Reginald Kell na Ingila da Richard Stoltzman na Amurka, wanda faifansa na waɗannan sonatoci tare da Richard Goode ya ci kyautar Grammy. Masu ra'ayin riƙau na ƙin karkarwar, amma akwai shaidar waɗanda suka ji Mühlfeld cewa shi ma yana yin ta, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taso da goge. Kilarinet ɗinsa ma na wani farin katako ne na Turai, ƙirar Ottensteiner ta Munich, mai sauti mara nauyi. Akwai faifan da aka naɗa da kwafin irinsa tare da fiyanon ƙarni na 19, kuma a cikinsu matsalar nutsewar nan kusan ba ta tasowa.

Hanyar da ta fi saurin buɗe kunne ita ce ka ɗauki kashi ɗaya kawai, ka ce na uku na sonata ta farko, minti huɗu da ɗoriya. Ji na farko bi kilarinet. Ji na biyu yi kamar babu shi, bi fiyano kaɗai, musamman hannun hagu. Ji na uku nemi wuraren miƙa kari daga ɗaya zuwa ɗaya. Washegari nemo naɗin wasu masu busa biyu daban suna yin kashin nan, ɗaya mai tsarin Jamus ɗaya mai karkarwa, ka ji su a jere, kana lura da inda kowanne ke jan numfashi. Idan hakan ya zauna, koma kan Grand Duo Concertant na Carl Maria von Weber, na 1815 zuwa 1816, inda su biyun ke tsere a fili kamar dawakai a filin sukuwa, sannan ka dawo kan Brahms ka ji yadda shi yake yin hirar da murya ƙasa-ƙasa.